Bashin Gwamnati Da Asarar Bankuna: Kada A Sauke Su A Kan Mai Gida A Abakpa

Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski. Wannan ƙa'ida ce ta adalci da kowa ya yarda da ita a kasuwa da cikin gida, amma da zarar an zo kan dukiyar gwamnati a ƙasar nan sai a ga ta juya, wani ya ci ladan, a bar wa wani askin. Gwamna zai ciwo bashi ya gama wa'adinsa ya sauka, shugaban banki zai yi facaka da ajiyar jama'a a ceto bankin, daga ƙarshe kuma takardar neman biya ta ɓullo a ƙofar wani bawan Allah da ba a shawarce shi ba a lokacin da ake rabon.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da wani dattijo maƙwabcinmu a Abakpa ya yi mini kwanakin baya. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya gina gidansa da bulo ɗai-ɗai tun yana aiki, ya ware ɗakuna uku ya zuba 'yan haya domin su riƙa cike masa giɓin fansho. Bayan la'asar ya same ni da wasu takardu a hannu daga masu tara kuɗin shiga, kowace da irin sunan da ta ba abin da take nema, ya ce: "Ɗana, kai da ka yi boko duba mini. Ni ban ci bashin kowa ba, lambatun ƙofar gidana ma ni da yarana muke yashewa. Wannan kuɗin na mene ne, kuma aljihun wa zai shiga?" Na ce masa, "Baba, ba ni lokaci." Wannan rubutu shi ne amsar da na kasa ba shi a tsaye.

Tun farko ya kamata mai karatu ya sani cewa ba na cikin masu cewa kada a biya haraji. Babu gwamnatin da za ta tsaya ba tare da shi ba, kuma jihar da ta dogara kacokan ga kason da ake rabowa daga Abuja ba ta da bakin magana a gaban kowa. Abin da nake kare wa tsohuwar ƙa'ida ce mai sauƙi: gwamnati ta kashe daidai abin da take samu, wanda ya yi kasada da dukiya shi zai ɗauki asararta, kuma kada a karɓi ko kwabo daga hannun mutum sai da nassin doka bayyananne. Idan aka saki ɗaya daga cikin waɗannan, sauran ma ba sa daɗewa.

Mu fara da kasafin kuɗin jiharmu. A shekarar 2017 Bankin Duniya ya amince zai ba Jihar Kaduna rancen dala miliyan 350. A watan Maris na 2018 Majalisar Dattawa ta ƙi sa hannu, bayan sanatocin jihar uku, wato Shehu Sani da Suleiman Hunkuyi da Danjuma La'ah, sun nuna rashin amincewarsu, suna cewa bashin da ke kan jihar ya riga ya yi nauyi. An zarge su da siyasa, kuma ba zan ce babu siyasar a ciki ba, domin kowa ya san irin tsamin da ke tsakaninsu da gwamnatin Malam Nasir El-Rufai a lokacin. Da aka kafa sabuwar majalisa bayan zaɓen 2019, rancen ya samu wucewa a 2020. Adalci ne a faɗa cewa an ga aiki a ƙasa. Duk wanda ya san cunkoson Kawo a da, ya kuma bi ta gadar sama da Shugaba Buhari ya buɗe a watan Janairun 2022, ya san an yi wani abu. Adalci ne kuma a faɗa cewa rance ne mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi.

Sai dai akwai abin da masu lissafin wancan lokaci suka kau da kai a kansa. Rancen na dala ne, alhali harajin da za a biya shi da shi na Naira ne. A lokacin da Bankin Duniya ya amince da shi, dala ɗaya a farashin gwamnati tana kan Naira 305, wato bashin bai kai Naira biliyan 110 ba. Bayan da aka saki Naira a watan Yunin 2023, har dala ta kai Naira 1,500 a cikin 2024, wannan bashi guda ya haura Naira biliyan 500 ba tare da an ƙara aron ko sisi ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne, domin shekaru da dama alƙaluman ofishin kula da basussuka na ƙasa suna nuna Kaduna a matsayi na biyu bayan Legas wajen bashin ƙetare, alhali kuɗin shigar Legas ya ninka namu sau da yawa.

Sakamakon bai ɓoyu ba. A ƙarshen watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya faɗa wa taron jama'a a Kaduna cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da Naira biliyan 85 da kuma kwangiloli 115 da ba a gama biya ba. Ya ce a wannan watan, cikin Naira biliyan 10 na kason jihar an zare biliyan 7 domin biyan bashi, aka bar masa biliyan 3, alhali albashi kaɗai yana cin biliyan 5.2. Mai karatu ya lura da yadda abin ke aiki: bashin ƙetare na jiha Gwamnatin Tarayya ce ke tsaya masa, saboda haka tun daga Abuja ake cire shi kafin kuɗin ya iso. Mai ba da rance ba ya bin layi. Malamin makaranta da ɗan fansho su ne ke bin layi.

Kada kuma girman alƙaluman kasafi ya ruɗe mu. Kasafin jihar ya tashi daga kimanin Naira biliyan 458 a 2024 zuwa kimanin biliyan 790 a 2025. Wani zai ɗauka arziki ne ya ƙaru, amma mafi yawan wannan kumburi ya biyo bayan janye tallafin mai da faɗuwar darajar Naira ne, abubuwan da suka ƙara yawan takardun da ake rabawa a Abuja suka kuma rage abin da kowace takarda ke iya saya. Kuɗin da ya ƙaru a asusun gwamnoni daga aljihun mai sayen fetur da masara ya fito. Gwamnan yanzu ya sha faɗa cewa bai ciwo sabon bashi ba, wannan abin a yaba ne, sai dai halin kirki na mutum ɗaya ba ya zama kariya. Wanda zai gaje shi ba ya ɗaure da alƙawarinsa, doka ce kawai za ta ɗaure shi.

Daga ina gwamnoninmu suka koyi cewa bashi ba abin tsoro ba ne? Sun koya ne daga yadda aka yi da bankuna. A ranar 14 ga Agusta, 2009, Gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, wato Intercontinental da Oceanic da Union da Afribank da Finbank, ya zuba musu Naira biliyan 420. A watan Oktoba aka ƙara biliyan 200 ga wasu bankunan, jimla biliyan 620 ke nan. Ba na musun cewa da an bar su sun rushe rana ɗaya, da masu ajiya sun shiga uku, kuma an ga hukunci a kan aƙalla ɗaya daga cikin shugabannin, domin a 2010 kotu ta ɗaure Cecilia Ibru ta Oceanic aka kuma ƙwace dukiya mai yawa daga hannunta. Matsalar ita ce abin da ya biyo baya. An kafa hukumar AMCON a 2010 ta sayi ruɓaɓɓun basussukan bankunan, da niyyar ta karɓo kuɗin ta naɗe tabarmarta. Bayan shekaru fiye da goma, bashin da take bi ya tsaya a kan tiriliyoyin Naira, kuma kaso mafi tsoka yana hannun wasu 'yan tsirarun attajirai da ke yawo da ita daga wannan kotu zuwa waccan. Kuɗin da ake karɓa daga bankuna kowace shekara domin cike wannan rami kuwa, bankunan ba daga aljihunsu suke fitarwa ba, a jikin mai ajiya suke fanshewa.

Abin bai tsaya nan ba. A 2018 aka karɓe bankin Skye aka mai da shi Polaris da Naira biliyan 786, sannan a 2022 aka sayar da shi a kan biliyan 50, bisa alƙawarin cewa za a mayar da kuɗin da aka zuba cikin shekaru 25. Mu 'yan Arewa ma ba za mu wanke hannunmu ba. Bankin Arewa, wanda iyayenmu suka kafa tun zamanin Sardauna, ya narke cikin Unity a 2006 bayan gyaran Soludo, kuma a watan Agustan 2024 Babban Banki ya amince da tallafin Naira biliyan 700 domin haɗe Unity da Providus. Mai karatu ya kwatanta wannan da masaƙar KTL da ke Kakuri, wadda aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawansu har suka koma ga Mahaliccinsu ba su karɓa ba. Darasin da aka koya wa kowa shi ne, idan bashinka ya yi girma sosai gwamnati za ta ɗauka, idan kuwa ƙarami ne za a zo har ƙofar gidanka.

Jihohi sun fahimci darasin da wuri. A 2015, da farashin mai ya faɗi albashi ya gagara, Gwamnatin Tarayya ta samar wa jihohi rancen ceto na sama da Naira biliyan 300, ta kuma mai da basussukan da bankunan kasuwanci ke bin jihohi da dama zuwa takardun lamuni masu dogon wa'adi. An kira shi ceton ma'aikata, amma a haƙiƙa bankunan da suka ba gwamnoni rance ba tare da duba ƙarfinsu ba su ma an cece su. Mai ba da rancen da ya san za a biya shi ko ta halin ƙaƙa ba zai taɓa cewa gwamna "ya isa" ba.

To, idan an zare bashi daga kason Abuja, ina gwamnati za ta juya? Sai kuɗin shiga na cikin gida. Kaduna ta yi suna a wannan fage. An kafa hukumar KADGIS mai kula da bayanan filaye, aka yi dokar haɗe haraji wuri guda a 2016 aka sabunta ta a 2020, aka hana karɓar tsabar kuɗi a hannu. Kuɗin shigar jihar, wanda bai kai Naira biliyan 15 ba a 2015, ya haura biliyan 50 a 2020. Toshe kafar ɓarayin rasit abu ne mai kyau, haka ma ba mutum takardar shaidar mallakar filinsa. Amma rajistar da ke tabbatar wa mutum da gidansa, ita ce kuma ke nuna wa mai haraji inda gidan yake. Ɗan kasuwa yana iya ɓoye ribarsa, kamfani yana iya kwashe kayansa ya koma Abuja, gida kuwa ba ya gudu. Wannan ne ya sa duk gwamnatin da bashi ya shaƙe take fara hangen gidaje.

Harajin gida yana da wani aibi da ba a cika faɗa ba. Ana ɗora shi ne a kan ƙimar gini, ba a kan abin da ke shiga aljihun mai ginin ba. Unguwa irin Abakpa, da maƙwabciyarta Unguwar Shanu, tana tsakiyar gari, saboda haka darajar fili a cikinta tana hawa kowace shekara. Amma dattijon da ya gina gidansa shekaru arba'in da suka wuce bai ƙaru da komai ba don dillalai sun ce filinsa ya yi tsada, fanshonsa yana nan inda yake, hauhawar farashi kuwa ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Idan aka matsa masa, hanya biyu ce gare shi: ko ya ƙara wa 'yan haya kuɗi, waɗanda galibinsu ƙananan ma'aikata ne da masu sana'ar hannu, ko ya sayar wa mai kuɗi ya koma bayan gari. Ta haka tsofaffin unguwanni ke rasa mutanensu ba tare da an kawo motar rusau ba. Legas ta gwada ƙara wannan haraji da yawa a 2018, jama'a suka yi ca, gwamnati ta ja da baya, har aka sake dokar a 2020.

A nan ne maganar fassarar doka ta shigo, domin ita ce kaɗai garkuwar mai gida. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a cikinsu har da ƙiyasta gidajen jama'a domin ɗora musu harajin da Majalisar Dokokin jiha ta ƙayyade. Wato majalisa ke yanke ma'auni, ƙaramar hukuma ke ƙiyasi. Kotun Ƙoli ta riga ta yi magana a kan wannan tun 1998, a shari'ar kamfanin Knight Frank da Rutley da Gwamnatin Jihar Kano, inda ta ce gwamnatin jiha ba ta da hurumin ba da kwangilar ƙiyasta gidaje domin haraji, saboda aikin na ƙananan hukumomi ne. Hikimar a fili take: wanda ke karɓar harajin gida ya zama na kusa, wanda mai gida zai iya tarar da shi a sakatariya ya tambaye shi ina kwalbati. Dabarar da jihohi suka ɓullo da ita ita ce a ce ƙananan hukumomi sun wakilta jiha ta karɓa a madadinsu. Amma wane irin wakilci ne wannan, alhali a zaɓen Oktoban 2024 jam'iyya mai mulki ce ta lashe dukkan kujerun shugabannin ƙananan hukumomi 23 na jihar? Shugaban da ya san ta inda ya samu kujerarsa ba zai ce a'a ba.

Kuɗin ƙasa da ake biya a kan takardar mallaka shi kuma hurumin gwamna ne a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Sai dai dokar ta ce ƙasar amana ce a hannunsa domin amfanin jama'a, kuma ta shimfiɗa sharuɗɗa da sanarwa kafin a soke mallakar kowa. Mutanen Kaduna ba su manta da watan Fabrairun 2018 ba, lokacin da aka rushe wani gini na Sanata Hunkuyi a titin Sambo, wanda ɓangarensa na jam'iyya ke amfani da shi a matsayin ofis, gwamnati ta ce an saɓa ƙa'idar amfani da fili kuma ba a biya kuɗin ƙasa ba shekaru da dama. Jim kaɗan kuma aka nemi ya biya Naira miliyan 30 a kan gidansa cikin kwana 30. Ba ina kare sanatan ba ne, yana da lauyoyi da bakin magana. Abin tsoron shi ne, idan bashin kuɗin ƙasa zai iya zama hujjar rusau a tsakiyar rikicin siyasa, to bazawarar da ke riƙe da marayu a Abakpa ba ta da tudun dafawa.

Riƙo da nassi kuwa ba a zaɓar masa rana. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ina cikin waɗanda suka ji daɗin manufar hukuncin, domin kowa ya san yadda gwamnoni suka mai da asusun haɗin gwiwa. Amma sashe na 162 na Tsarin Mulki ya ambaci wannan asusu da sunansa, ya kuma wajabta wa kowace jiha ta buɗe shi. Gyaran da zai ɗore shi ne majalisu su sauya sashen ta hanyar da Tsarin Mulki ya tanada, kuma jan ƙafar da aka yi ta yi wajen aiwatar da hukuncin ya nuna haka. Idan muka yarda alƙali ya tsallake lafazin doka yau saboda sakamakon ya yi mana daɗi, gobe wani zai tsallake Jadawali na Huɗu da hujjar cewa jiha na bukatar kuɗi, kuma ba mu da bakin ƙorafi.

Saboda haka ina kira ga Majalisar Dokokin Jihar Kaduna da ta yi abubuwa huɗu. Na farko, ta sa iyaka a doka kan kason kuɗin shigar jiha da za a iya kashewa wajen biyan bashi, kuma duk wani rancen ƙetare a buga sharuɗɗansa ga jama'a, tare da lissafin abin da zai zama idan Naira ta faɗi, kafin a kaɗa ƙuri'a a kansa. Na biyu, kowane mai gida ya riƙa samun takarda guda a shekara, wadda ta faɗi dokar da aka dogara da ita da kuma wanda kuɗin zai shiga asusunsa. Na uku, a sa wa harajin gida linzami. Mutanen jihar Kalifoniya ta Amurka sun yi haka a 1978, suka tsayar da shi a kashi 1 cikin 100 na ƙimar gida, suka hana ƙimar hawa fiye da kashi 2 a shekara sai an sayar da gidan. Tsarin nasu yana da illa, domin ya rage wa makarantu kuɗi, ba sai mun kwafe shi duka ba, amma ya kamata a yafe wa ɗan fansho da bazawara gidan da suke zaune a ciki. Na huɗu, kada a soke mallaka ko a rushe gini saboda bashin haraji sai da umarnin kotu. Ga wakilanmu a Abuja kuma, lokaci ya yi da za a sa wa AMCON ranar rufewa, a kuma kafa ƙa'ida cewa duk bankin da ya durƙushe, masu hannun jari da daraktoci ne za su fara asara kafin a taɓa kwabon jama'a.

Na koma wurin dattijon nan na bayyana masa abin da na iya, na kuma ba shi shawara ya je ya nemi a nuna masa dokar da kowace takarda ta dogara da ita, ya biya abin da ya tabbata a kansa ya karɓi rasit. Ya yi shiru, sannan ya ce zai biya, domin bai taɓa cin haƙƙin hukuma ba, amma yana so kafin ya mutu ya ga ranar da masu cin bashi da sunansa za su fara tambayarsa. Wannan bukata ba ta fi ƙarfin majalisa ba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma Ya ba mu ikon tambayarsu, amin.